Gonar Doyar Kakan Talatu

Har gobe ban manta da wata Litinin ta zangon karatu na biyu ba, ranar da na shiga aji biyar da alli a hannu na tarar kujeru sun fi yara yawa. A lokacin ina koyar da Turanci a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Jikwoyi, can ciki in ka sauka daga titin Nyanya zuwa Karshi. Tunda ku sababbin malamai kun nace sai kun ji abin da ya raba ni da can ya kawo ni nan Kuje, to ku gyara zama. Ban saci kuɗin makaranta ba, ban kuma daki ɗan kowa ba. Aikin gida na ba yara.

Bari in fara da littattafan, don su ne mafarin komai. Mai makarantar, wadda kowa ke kira Madam, mutuniyar Binuwai ce, tsohuwar ma'aikaciyar banki, mace mai ido a buɗe. Ta lura cewa iyayen Abuja, ko mai gasa masara ce a bakin titi, muddin ta ga an rubuta a allon makaranta cewa tsarin karatun Amurka ake bi, ba ta neman ragi. Sai Madam ta sa aka kawo mana littattafan can kwali-kwali, gwanjo ne, wasu ma da sunayen yaran da suka fara amfani da su a jikin bango. Ba littattafan tarihi ba ne, na koyon harshe ne. Kowane babi akwai guntun labari, sai aiki ya biyo baya: a fitar da jigon magana, a raba abin da yake tabbas da abin da yake ra'ayi, a gane dalili da abin da ya haifar, a taƙaita labari cikin jimloli kaɗan. Dabarar tana da kyau, ban taɓa kushe ta ba. Matsalar dai labaran aji biyar kaf a kan farkon kafuwar gwamnatin Amurka suke: yadda suka rubuta tsarin mulkinsu, yadda suka yi ta kai ruwa rana kan kafa bankin ƙasa, yadda suka fara buga kuɗi iri ɗaya ga kowa.

To ku kwatanta yaron da ya yi sammako ya bi layin burtsatse kafin ya zo makaranta, a ce masa ya faɗi ra'ayinsa kan ko ya dace wata ƙasa da bai taɓa gani ba ta kafa banki shekaru fiye da ɗari biyu da suka wuce. Hamma ce kawai ke tashi a ajin. Ni kaina wani lokacin sai na juya wa allo fuska nake yin tawa.

Ana nan sai muka iso babin da ya tashe su. Labarin shi ne, bayan yaƙin neman 'yanci bashi ya yi wa jihohinsu katutu. Mai kula da baitulmalinsu ya kawo shawara gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin bashin duka. Wasu jihohin kudu da suka riga suka rage nasu suka ce ba da su ba, ba za su biya wa wani ba. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka shirya: su amince da batun bashin, a kuma kai sabon babban birnin ƙasa ɓangarensu, a bakin wani kogi inda gonakin mutane suke. Masu awo suka zo suka kafa duwatsun iyaka.

Na rufe littafi na ce, “Wa ya san wani babban birni da aka ɗauko aka dasa a kan gonakin mutane?”

Wani yaro mai surutu, Ishaya, ko hannu bai ɗaga ba ya ce, “Anti, ai muna ciki!”

Aji ya kwashe da dariya. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba, Talatu, ta ɗaga hannu a hankali. 'Yar Gbagyi ce, wato 'yan asalin wurin da mu Hausawa muka saba ce wa Gwari. Ta ce, “Anti, su manoman ina aka kai su?” Na duba littafin, bai ce komai a kai ba. Na ce mata tambayarta ta fi duk waɗanda ke ƙarshen babin. A raina kuwa murna nake, na ce yau dai Allah ya yi na sami inda zan kama yaran nan.

Aikin da ke ƙarƙashin babin shi ne koyon yin hira: yaro ya tsara tambayoyinsa, ya sami wani babba ya yi masa, sannan ya rubuta abin da aka faɗa masa ba ragi ba ƙari. Littafin da kansa ya ce a tambayi yadda garinku ya fara. Yaran ne suka kawo tambayoyin ni kuma ina rubutawa a allo: wa ya fara zama a nan, me ake yi a wurin kafin a gina gidaje, yaya aka sami filin da gidanmu yake. Ƙa'idar makarantar ita ce kowace Juma'a malami ya kai wa Madam tsarin darasinsa na mako mai zuwa ta sa hannu. Wannan ma na kai, ta sa hannu tana amsa waya.

Ranar Alhamis kowa ya tashi ya karanta nasa a gaban aji, don karatu a fili shi ma yana cikin abin da ake aunawa. Yawanci ba wani abin kirki. Wata ta karanta cewa babanta ya ce ta tashi ta ba shi wuri ya gaji. Ishaya ya ce babansa ya sayi filinsu a hannun wani dillali. Sai aka zo kan Talatu. Ta karanta cewa kakanta ya ce tun daga rafi har zuwa babban mangwaron da ke bayan makaranta gonar doyar babansa ce. Da baƙi suka fara zuwa, babansa ya ba wani mutum aron gefe guda ya yi ɗaki ya kuma yi noma, a kan kaza da tukunyar abin sha. Mutumin ya yanka wurin gunduwa-gunduwa ya sayar, waɗanda suka saya su ma suka sayar, babansa bai ga ko sisi ba har ya mutu. Ta ce kakanta ya ce inda ajinmu yake, nan rumbunsu yake.

Rubutu ne tsaf, an jera magana daki-daki, ba ta cusa ra'ayinta ko sau ɗaya ba. Na ba ta maki mafi yawa, na sa aka tafa mata. Na dai lura Ishaya bai tafa ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Ga waɗanda ba su daɗe a Abuja ba a cikinku, sai na yi bayani. A irin unguwannin nan na gefen birni, mutane da yawa ba su da takardar mallaka ta gwamnati. Mutum ya sayi fili a hannun wani, mai unguwa ya shaida, ya tara guminsa ya gina, shi ke nan. Ranar da rusau ya zo, abin da kowa ya sani shi ne 'yan asalin wuri ake saurare a batun diyya ko sauya matsuguni, shi kuwa baƙo sai a ce ya je ya nemi wanda ya sayar masa. Saboda haka a can ba a tambayar mutum yadda ya sami filinsa, kamar yadda ba a tambayarsa abin da ke aljihunsa. Na san wannan da ka, amma ni 'yar haya ce a Nyanya, kuma ɗan haya ba ya jin wannan tsoron a ƙashinsa.

To ita ce Litinin ɗin da na tarar da aji kusan wayam. Ban gama kiran suna ba aka ce Madam na nemana. Na same ta a ofis ta cire tabarau ta ajiye, abin da ba ta yi sai magana ta yi girma.

“Anti Rifkatu, zauna,” in ji ta da irin Hausarta. “Ni da ke ba mu taɓa samu wahala ba. So ki faɗa min gaskiya. Wane ne ya aike ki?”

Na ce, “Ya aike ni ina, Madam?”

“Mijinki, wane aiki ne yana yi?”

Na ce safiyo ne, mai awon fili, a wani kamfani mai zaman kansa.

Ta ce, “Ehen.” Ta jingina da kujera tana dubana kamar yau ta fara ganina.

Ashe tun daga ranar Alhamis zuwa Lahadi allura ta tono garma. Yara sun koma gida sun ce kakan Talatu ya ce gidajenmu a gonarsa suke kuma ba a saya ba, Anti ta ce a tafa. Dama kwanaki kaɗan kafin nan an ga wasu mutane da na'urar awo mai ƙafa uku a bakin babban titi, ba wanda ya san abin da ya kawo su. Sai ga labari cewa mijin malamar safiyo ne. Mutanen unguwa suka haɗa wannan da wancan, a wurin wanzami, a bakin coci, a ƙofar masallaci, suka fitar da lissafi guda: an haɗa baki ne tsakanin 'yan asalin gari da masu rusau, an dasa ni a makaranta in tatsi bayanin gidaje ta bakin yara.

Na tuna wa Madam cewa ita ta sa hannu a darasin. Ta ce ita ta ga an rubuta hira ne kawai, ba ta ga an rubuta fili ba. Sannan ta sassauta murya ta ce ita ma makarantar nan, da duk abin da ta tara a banki ta gina ta, kuma takardarta irin ta kowa ce. A nan na gane ba iyaye kaɗai ke zargina ba. Ita kuma a gefe guda tana zargin makarantar da ke tsallaken hanya ce ke hura wutar don ta kwashe mata yara.

Ni ma ban tsira daga ciwon ba, don zargi kamar mura yake, da an zauna kusa sai a ɗauka. Ina fitowa daga ofis idona ya sauka kan Mista Bulus, malamin lissafi. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa aikin maigidana, ranar da yake neman wanda zai duba masa wani fili a Karshi. Kuma ni da shi ne ake maganar ɗaya zai zama mataimakin shugaban makaranta. Ya gaishe ni da fara'a ya ce, “Anti, sorry fa, na ji abin da ke faruwa.” Na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Amma in don Allah ne, akwai ranar da ruwa ya tsare ni maigidana ya zo ɗaukata da motar kamfani, ga na'urar awo a baya kowa na gani. Har yau ban san bakin da ya fara kai maganar ba, kuma ban daina kallon Mista Bulus a karkace ba har na bar wurin.

Abin bai tsaya a makaranta ba. Da yamma muna cin abinci na tambayi maigidana, Yakubu, wai a ina suke aiki a watan nan. Ya ce wajen Sheda. Na ce ba su taɓa zuwa ɓangaren Jikwoyi ba? Ya yi dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ajiye cokali ya ce, “Rifkatu, har da ke?” Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari Madam ta sake kirana da mafitarta. Ta kira taron iyaye da malamai ranar Asabar. Abin da take so in faɗa bai da yawa: in ce yarinyar ƙirƙira ta yi, yara sukan yi haka don su burge, ni kuma na yi gaggawar ba ta maki, na janye. “Simple,” in ji ta. “Kowa zai huce, yara za su dawo, ke kina da aikinki. In ba haka ba, Anti, ba zan iya riƙe ki ba. Ki yi tunani.”

Tunani kam na yi. Ina da yara biyu a sakandare, aikin Yakubu kuwa na kwangila ne, wata a samu wata a rasa. Albashin Madam ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yana zuwa kan kari. Sai na ce bari in yi abin da nake koya wa yara, in koma tushen magana. Ba zan ɓoye muku ba, addu'a nake a zuciya tsohon ya ce yarinyar ta ƙara gishiri, in samu in faɗi abin da Madam ke so da bakin gaskiya.

Ranar Laraba bayan an tashi na bi Talatu gida. Gidansu na cikin tsohuwar unguwa, 'yan ɗakunan ƙasa da gidajen bulo suka yi wa ƙawanya. Na sami kakan nata, Baba Shekwolo, a gindin bishiya yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana ƙare min kallo, sai ya ce, “Ke wa ya turo ki? Madam ne ko gwamnati?”

Kun ji fa. Can ana cewa shi ya turo ni, nan shi kuma yana tambayar wa ya turo ni. Na ce ba kowa, ni ce malamar Talatu, na zo ne in ji ko abin da ta rubuta haka ya faɗa mata. Ya sa ta fassara masa da yarensu, yana saurare yana gyaɗa kai.

“Haka ne,” in ji shi da irin tasa Hausar. “Bai ƙara ba, bai rage ba.”

Na ce, “To Baba, kuna da niyyar neman wurin ne? Abin da ke tsorata mutane ke nan.”

Ya yi wata 'yar dariya. “Da wane ƙarfi, 'yata? Doya yana fita a kan siminti?”

Sai na ji sanyi, na ce to ya taimaka ya zo taron ranar Asabar ya faɗi haka da bakinsa. Ya girgiza kai. Ya ce in ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yafe, ya yafe abin da ba nasa kaɗai ba, akwai jikoki. In kuma ya ce yana nema, gobe ba zai iya bin hanya zuwa kasuwa ba. “Jikata ya tambaye ni, na faɗa masa. Tun da aka kawo birnin nan, masu zuwa wurina ɗaki nawa suke tambaya, bishiya nawa. Ba wanda ya taɓa ce min, Baba, wa yake nan da farko. Sai shi. To zan yi masa ƙarya?”

Talatu ta rako ni har bakin hanya. Da muka kusa rabuwa sai ta ce, “Anti, ban yi daidai ba ne?” Ashe tun Litinin 'yan yaran da suka rage a ajin ba mai zama kusa da ita, wasu na ce mata 'yar rusau. Na ce mata ta yi daidai. Na hau acaɓa zuciyata a cunkushe, don na san na rufe wa kaina ƙofar da na je nema. Ɗan acaɓar da ya ɗauke ni kuwa ɗan unguwar ne, kafin Alhamis kowa ya ji an gan ni a gidan tsohon.

Taron iyaye a makarantar, in mutum ashirin suka zo sai Madam ta yi godiya. Ran nan har ta taga ake leƙe. Aka buɗe da addu'a, musulmi ɗaya kirista ɗaya kamar yadda aka saba, aka tsallake duk sauran batutuwa aka zo kaina. Na hango mahaifiyar Talatu a bencin baya, duk cikar ɗakin nan ba wanda ya zauna a gefenta.

Wanda ya fara tashi Oga Danjuma ne, mahaifin Ishaya, bakanike a Nyanya, mutum mai faɗin ƙirji da babbar murya. Ya ce, “Ni Turanci na kawo yarona ya koya, ina biya kowane term ba fashi. Malama ta faɗa min, mene ne haɗin Turanci da wanda ya sayar min fili?”

Tambaya ce mai kyau, kuma na amsa ta iya ƙarfina. Na ɗaga littafin na nuna babin. Na ce yaro ba ya koyon harshe a kan iska, sai an ba shi abin da zai yi magana a kai, kuma da labarin bankin Amurka bai shige su ba sai na kawo musu abin da suka sani. Wata mata ta ce to me ya sa ma sai Amurka, su waye suka aiko da littattafan, me suke so su sani game da Jikwoyi? Madam ta yi wuf ta ce ita ta saya da kuɗinta. Na ce maigidana a kamfani mai zaman kansa yake, bai taɓa kafa ƙusa ɗaya a unguwar nan ba.

Oga Danjuma ya ce, “To me kika je yi gidan tsohon ran Laraba?”

Madam ta ga dama ta samu, ta ce, “Yawwa, shi ne Anti za ta yi bayani. Ta je ta yi bincike a kan rubutun yarinya. Anti, faɗa musu abin da kin samu.” Ta dube ni, ta ɗan gyaɗa min kai.

Wallahi maganar na kan harshena, na ma shirya yadda zan tausasa ta. Amma sai na ga cewa in na faɗe ta, ranar Litinin yarinyar nan za ta shigo aji a matsayin maƙaryaciya, kuma malamar da ta ce mata ta yi daidai ita ce ta sa mata sunan. Na ce, “Na je na tambayi kakanta. Abin da Talatu ta rubuta shi ne abin da ya faɗa mata, ba ta ƙara komai ba. Ko aro aka ba da gonar ko sayarwa aka yi, ban kasance a wurin ba, ba ni da ta cewa, kuma ban kai wa kowa maganar gidan kowa ba. Amma yarinyar ba ta yi ƙarya ba, makinta yana nan.”

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Hayaniya ta kaure, wani na cewa ai ga shi ta faɗa da bakinta, wata na cewa a ba ta takardun 'ya'yanta yanzu-yanzu. Madam ta rufe ido ta dafe goshi. Ni kuwa ba don jarumta na tsaya a tsaye ba, na rasa kujera ne.

Ranar Litinin ta sallame ni. Ta biya ni watan gaba ɗaya, hakkinta ne in faɗa. Ta ce, “Ba ni ne na kore ki ba, Anti, Jikwoyi ne.” Na ji haushinta matuƙa a lokacin, yanzu kuwa na san mace ce da aka sa a tsaka mai wuya ta zaɓi gininta. Daga baya na ji an bi littattafan aji biyar ɗaya bayan ɗaya an yanke babin da reza. Yara suka dawo, Mista Bulus ya zama mataimaki, Talatu ta ci gaba da zuwa har ta gama. Ni kuma na yi zaman gida na wani lokaci, muka ɗanɗana kuɗarmu, kafin Allah ya buɗa min nan.

Ina cikin zaman gidan nan, wata rana da hantsi ina jiran mota a Nyanya sai na ji an ce, “Malama, barka da rana.” Na waiwaya, sai ga Oga Danjuma cikin kayan aiki yana goge baƙin mai da tsumma. Na ɗaure fuska, na zaci saura ya kawo min. Amma muryar ba irin ta ranar taro ba ce. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya matso.

“Malama, abin da ya wuce ya wuce. Ni ban ce ki faɗa min sirrin aikin maigidanki ba. Abu ɗaya nake roƙo, don Allah. In ranar rusau ta matso, ki sa a sanar da ni ko da kwana biyu ne. In samu in cire kwanon rufi da ƙofofi. Su kaɗai zan iya tsira da su.”

Na ce, “Oga Danjuma, na rantse da Allah ban san komai ba. Ban taɓa sani ba. Babu wata rana da na sani.”

Ya dube ni. Na ga a idonsa bai yarda ba, ya ɗauka dai na ƙi ne don ramuwa. Ya ce, “To. Na gode, Malama.” Ya juya ya tsallaka titi, kafaɗunsa a sake. Mutumin da ya raba ni da abincina ke nan, amma na shiga mota hawaye na zubo min, kuma ba don kaina ba.

To abin da nake so ku riƙe ke nan. Aikinmu na malaman harshe shi ne mu koya wa yaro ya yi tambaya, ya saurara, ya faɗi abin da ya ji ba ƙari. Kada ku daina, ni ma ban daina ba, kuma ko yau aka sake kawo min rubutun yarinyar nan makin da na ba ta shi zan ba ta. Amma ku sani darasi ba ya ƙarewa a bakin ƙofar aji, yana bin yaro har gida, ya shiga ɗakin da ba ku taɓa gani ba. Abin da yake tsohon tarihi a littafin wasu, a gidan ɗalibinku yana iya zama abin da ake kwana ana tashi da shi. Kafin ku aiki yaro da tambaya, ku fara sanin abin da ubansa ke tsoro, ku je ku gaishe shi ku gaya masa da bakinku. Iyayen nan ba mugaye ba ne, mutane ne da suka gina gida suka kasa yin barci a cikinsa.